Yadda Na Mayar da Yayar Mijina Bebiya

Shekarun baya, lokacin da bam ke tashi a Kano har mutum ya ji murfin tukunya ya faɗi gabansa ya yanke, yayar mijina ta zo mini daga Borno. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubuta mini, don haka ku karɓi zancen yadda ya zo.

Mijina Babarbare ne. Ya shigo Kano yana saurayi, ya tsufa yana sayar da turare a Kasuwar Kurmi. Ya rasu kafin fitinar ta iso, na rage ni kaɗai a gidanmu na Jakara, 'ya'ya duk sun yi aure sun watse. Wata Talata da hantsi na ji sallama a zaure. Na fita na tarar da tsohuwa da ƙullin kaya ɗaya, ƙafafunta sun kumbura. An ƙone garinsu, 'ya'yanta biyu ba ta san inda suka faɗa ba.

"Amarya, tsayawa za ki yi kina kallona, ba za ki karɓi kayan ba?" Haka take kirana tun ranar da aka kawo ni gidan ƙaninta, ga shi har haƙorana sun zube.

A lokacin akwai wani wasan kwaikwayo na aljanu da ake nunawa a talabijin duk Asabar bayan la'asar. Na wata ƙasa ne mai nisa, samarinmu ne suka ɗora masa muryoyin Hausa. Sarkin kirki da 'yarsa da mayaƙansu duk Hausar Kano suke yi, tas da ita. Amma tsohuwar mayyar da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa tana hura wa garuruwa wuta, ita da rundunarta, sai aka ba su harshen mutanen Borno. Maƙwabciyata ce mai janareta, a ɗakinta muke taruwa. Da girmana da furfurata, ko tuwo ne a kan wuta sai na sauke na tafi.

Yaran layi suka ɗauki maganar mayyar suna wasa da ita. Ba a daɗe ba wasan ya daina zama wasa. Akwai wani mai wankin hula ɗan Borno da ke haya a bayanmu, shekararsa goma a unguwar. Yara suka riƙa binsa suna kwaikwayon mayya, manya suka fara cewa ai ba a san su waye ke kwana a ɗakinsa ba. Da aka kai hari a cikin gari, mai gidan ya fito masa da kayansa waje. Ina tsaye a ƙofa na gani, kuma ban ce komai ba. Mai unguwa kuma ya yi shela cewa duk wanda ya yi baƙo ya kai masa shi.

Wannan ne a raina ranar da Yaya ta zo. Ina gasa mata ƙafa da ruwan zafi sai ga maƙwabciyata ta shigo aron turmi. Ta gaishe ta. Ita kuwa Yaya, gajiya ta kashe ta, idonta a lumshe, ba ta amsa ba.

"Hajiya, baƙuwar taki ba ta magana ne?"

Bakina ya riga ni. Na ce, "Bebiya ce. 'Yar ƙanin babana ce daga ƙauye."

Tsagar Barebari da ke fuskarta ta riga ta nutse cikin tamojin tsufa, babu wanda zai gane. Da maƙwabciyata ta fita, Yaya ta buɗe ido ta dube ni.

"Ni ce bebiyar?"

"Kwana biyu ne, Yaya, kafin gari ya lafa. In suka ji harshenki ba za su bar ki a layin nan ba."

"To, Amarya. Gidanki ne."

Matar nan kuwa a garinsu ita ke biya wa 'yan mata karatun allo, ita ke yi wa amare faɗa ranar kai su ɗaki. In ta fara labari sai an yi kiran salla take tsayawa. Ita na rufe wa baki. In ƙofa na kulle mukan yi hira ƙasa-ƙasa, karatunta ma sai ta sa mayafi a baki. Da an taɓa kyauren zaure sai ta yi shiru ta koma murza carbi.

Asabar ta uku maƙwabciyata ta matsa. "Ki taho da ita mana, ai bebe ma yana da ido. Kin bar baiwar Allah ita kaɗai kamar kayan ajiya." Dole na tafi da ita.

Ta zauna a tsakiyar mata takwas. Mayya ta fito, ta ɗaga hannu, ta karanta kalmomin tsafinta, gari ya kama da wuta. Matan suka hau tsinuwa. Wata ta ce, "Ku ji harshen nan, wallahi irinsu ne suka hana mu barci." Wata ta kwaikwaya, aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har na fi kowa, don kada a gane. Yaya ba ta ɗauke ido daga talabijin ba, ita da ta ga an ƙone gari da idonta.

Da muka dawo na kulle ƙofa, ta ce, "Kin san abin da take karantawa in za ta hura wutar?"

Na ce ban sani ba.

"Gaisuwa ce. Ina kwana, yaya yara, yaya gajiyar hanya, sannu da zuwa. Ita ce dai muke yi wa baƙo. Wanda ya ɗora wa mayyar muryar ma bai iya ba, a tasha ya tsinto." Ta ɗan yi murmushi, sannan ta ce, "Ki kai ni wurin mai unguwa. In korata zai yi, ya kore ni ina magana."

Na ce a bari bikin salla ya wuce. Da aka yi salla na ce a bari a cire shingen sojoji na bakin titi. Ba ta ƙara roƙona ba. Duk Asabar kuma sai an aiko a kira mu, ta yafa mayafi ta bi ni. Haka muka yi wata bakwai.

Wata safiya tana shanya sai ta dafe ƙirji ta zube. Na ƙwala ihu, maƙwabciyata ta shigo da gudu, ita ta tsayar da adaidaita, ta raka mu asibiti. Likita ya duba ta ya ce, "Mama, tun yaushe kike jin wannan? Kin taɓa shan wani magani?"

Yaya ta juyo ta dube ni. Ta san amsar, ni ban sani ba, don ban taɓa tambayarta ba. Izini take jira. Maƙwabciyata na tsaye a kaina da takalman Yaya a hannu.

Na ce, "Bebiya ce, likita."

Ya yi ta tambayata, ina ƙirƙiro masa amsa. Ya rubuta magani, ya ce mu dawo a yi gwaji. A hanya na ƙudurta cewa gobe da sassafe za mu koma mu biyu kaɗai, ta faɗa masa komai da bakinta. Da yammacin ranar aka sake kai hari, aka sa dokar hana fita. Kwana biyu ko kare ba ya wucewa a titi.

Rana ta uku da hantsi numfashinta ya sauya. Maƙwabciyata ta shigo ta ƙofar baya da kunu. Yaya ta kama hannuna, ta buɗe baki, ta yi magana da ƙarfi, da muryarta ta gaske wadda na manta da ita. Kwanon kunun ya faɗi. Ta daɗe tana magana da Barbarci, idonta a kaina, tana matsa hannuna. Sannan ta yi kalmar shahada, ta cika.

Mu biyu muka yi mata wanka. Muna cikin yi maƙwabciyata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wata bakwai muna zagin iyayenta a gabanta, tana ji. Da kin faɗa mini, Hajiya."

Na ce, "Da na faɗa miki, me za ki yi?"

Ta daɗe tana matse tsumma. Can ta ce, "Ban sani ba."

Na san kwananta ne ya ƙare, malamai sun sha faɗa mini. Amma samarin da suka zaɓi harshen da za su ba mayya ba su san Yaya ba, ni na san ta. Su sun tsoratar da unguwa, ni na ɗauki tsoron na shigo da shi ɗakina, na ɗora wa baƙuwar da ta gudo wurina.

Ina kuka har yau, ba na ɓoyewa. Abin da ya fi cina shi ne maganarta ta ƙarshe. Shekara arba'in ina auren ƙaninta ban koyi yarensu ba, kuma ranar babu wanda zai fassara mini, don duk mai ji mun kore shi daga layin. Ko yafe mini ta yi, ko wasiyya ta bari ga 'ya'yanta, ko ƙarata ta kai wurin Allah, ban sani ba. Wasu kalmomin sun maƙale a kunnena, kuma yanzu 'yan Borno sun dawo Kurmi suna sayar da turarensu. Sau uku ina zuwa har bakin rumfarsu don in tambaya, in tsaya, in gaishe su, in juyo gida.