Tuwon da na riƙa zuba wa akuya

Tun cikina yana wata biyar nake tsoron duwatsun gabas, alhali ba su yi mini komai ba. Kullum ina ganin su daga tsakar gidanmu a Mubi in na fito shanya, kuma a bayansu ƙauyenmu yake, inda uwata take, a ɓangaren da muke kira ƙasar Faransa. Tafiyar yini ɗaya ce in mutum ya yi sammako. A shekarar nan magana ta cika gari cewa za a sake ƙuri'a, wannan karon har da mata, a zaɓi ko mu bi Najeriya ko mu bi Kamaru. Wasu suka ce in aka bi Najeriya za a rufe hanyar dutse, a sa sojoji, ba shiga ba fita. Ban san wanda ya fara faɗa ba. Ni dai na ji, maganar ta zauna mini.

Da ya kamata in tafi gida haihuwar fari kamar kowace yarinya. Mijina, wanda yake sayar da gishiri da kanwa a bakin kasuwar shanu, ya ce a'a, kada in tafi a rufe hanya da ni a can. Ba mugunta ba ce, shi ma tsoro yake ji. Sai na haihu a gidan iyayensa, 'ya mace, cikin sanyi, uwarsa ta yi mini wankan jego da hannunta. Inna nake ce mata. Mutanen Borno ne, ba ta da yawan magana, amma ba ta taɓa barin ruwan wankana ya huce ba.

Bayan arba'in abin ya fara. Motoci masu lasifika suna wucewa ta bayan katanga, yau a ce a jefa ƙuri'a a akwati kaza, gobe a ce ɗayan. Mijina ya dawo ya ce mu duk gidan nan akwatin Najeriya za mu jefa. Na ce to. Amma a raina na riga na lissafa cewa in na jefa takardata a can, da hannuna na rufe wa uwata hanya. In na jefa a ɗayan, na ci amanar gidan da nake ci a ciki. Ina shekara goma sha bakwai, amma masu rajista sun rubuta ni cikin manya, kuma da gaske nake ganin takardata ita ce za ta yanke hukuncin.

Wani abu kamar dutsen niƙa ya hau mini ƙirji. Bakina ya bushe. In mota ta yi hon sai zuciyata ta buga har in ji ta a kunne. Tuwo kuwa in na sa a baki kamar ƙasa nake taunawa. Inna tana cika mini akushi saboda ina goyo, kuma mayar da akushi da abinci rashin kunya ne. Sai in zagaya bayan ɗaki in juye wa akuyarta, in wanke akushin in kawo. Inna ta duba ta ce, “Madalla, haka ake so.”

Nono ya fara ja baya. Yarinyar ta kama, ta ja, ta saki, ta fashe da kuka. Ina ganin wuyanta yana sirancewa, awarwaron zaren da aka ɗaura mata yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ba ni da bakin faɗa. A wajenmu ba a nuna damuwa da 'yar fari a gaban manya. Ba ki kiran sunanta, ba ki ɗaukarta da rawar jiki, in ta yi kuka sai ki yi kamar ba ki ji ba har a miƙo miki ita. Haka aka koya mini, haka na yi. Ina zaune ina tsince shinkafa, kukanta yana yanka ni, fuskata ba komai.

Inna ce ta kira ungozomar unguwa, tsohuwar da ta yanke cibiyar yarinyar, ta zo ta gwada nonon. Ta ba ni ƙoƙo ta ce in tatsa. Na matsa, na matsa, ɗigo kaɗan ne suka fito, masu kauri. Ta kamo tururuwa a gindin bango ta jefa ciki. Mu uku muka sunkuya muna kallo. In tururuwa ta fita, nono lafiya. Wannan ta yi ta mutsu-mutsu, ta maƙale, ta daina motsi.

“Nono ya lalace,” in ji ungozoma. “A jiƙa mata saiwar nan kwana bakwai. In na dawo bai gyaru ba, a cire yarinya a sa mata na shanu.”

Inna ta ce, “Allah Ya sawwaƙe.” Na san jarirai biyu a unguwarmu da aka sa wa madarar shanu gab da lokacin zafi, gudawa ta tafi da su duka. Kwana bakwai aka ba ni. Na sha jiƙon, mai ɗaci, ya ƙara kashe mini baki. Tuwo ya ci gaba da tafiya wajen akuya.

Rana ta uku ranar kasuwa ce. Akwai wata mata daga ƙauyen Kwaja, Kirista, manomiya, da take kawo wa Inna gyaɗa, ta huta a gidanmu kafin ta koma. Maman Kwaja muke ce mata. Ta haifi tara, bakinta kuwa ba ya jin nauyin kowa. Ta zagaya bayan ɗaki wanke ƙafa, ta same ni da akushi a hannu, akuya da kai a ciki.

“Iye! Ashe akuyar gidan nan ce ta haihu,” ta ce. “Barka, akuya. Ina jaririn?”

Na ce, “Don Allah, Mama, kada ki gaya wa Inna.”

“Zauna.” Ta ƙwace akushin, ta kore akuyar da ƙafa, ta zauna a kan turmi. “Ba yarinyar zan tambaya ba, na san ku da kunyar nan taku, sai mutum ya mutu kuna sunkuye. Ke nake tambaya. Me ya tsaya miki a wuya?”

Tun da na haihu ba wanda ya tambaye ni haka. Ana tambayata ruwa ya yi zafi, kunu ya isa, yarinya ta sha. Na buɗe baki in ce ba komai, sai kuka ya riga ni. Na gaya mata akwatunan biyu, da sojojin, da uwata da ba ta ga jikarta ba. Ta bar ni na gama, sannan ta yi dariya har da buga cinya.

“To, sannu, mai mulkin duniya! Takardarki ɗaya ce za ta toshe dutse? Ƙanena yana noma a can, yana kwana a nan. Hanyoyin da muka sani a dutsen nan ko akuya ba ta san su duka ba. Su zo da sojojin, mu gani ko za su iya hawa da takalman nan nasu.”

Na ce, “An ce za a rufe.”

“An ce. Wa ya ce? Kin gan shi? Faɗa mini ƙauyenku da gidan uwarki, gobe ƙanena zai tsallaka.”

Sai ta kwance ƙullinta ta fito da rogo dafaffe da ƙuli, ta ce ba za ta tashi ba sai na ci. Na ci loma uku da ƙyar, ta huɗu ta wuce da kanta. Da za ta tafi ta ce wa Inna gyaɗar ba ɓararriya ba ce, za ta bar buhun, kuma a riƙa sa ni ɓara tare da mutane, kada a bar ni ni kaɗai a ɗaki kamar kayan ajiya. Ban san abin da ta ƙara mata a zaure ba. Amma daga ranar Inna ta daina aiko mini da akushi. Sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta ajiye kwano ɗaya tsakaninmu, abin da suruka ba ta yi da matar ɗanta. Ta ce, “Haƙorana sun gaji, taya ni.” Muna ci, muna ɓarar gyaɗa. Hannuna ya samu abin yi. Tana ba ni labarin yadda ta baro Borno a kan jaki, ta shekara shida ba ta ga tata uwar ba. Ba ta kalle ni ba da take faɗa.

Ban warke a rana ɗaya ba. Dutsen da ke ƙirjina yana nan, sai dai yana ɗagawa in muna aiki, ya dawo in mota ta wuce. Rana ta shida Maman Kwaja ta aiko da ƙulli ta hannun wata maƙwabciyarta. Majanyin da uwata ta goye ni da shi ne, da daddawa a ganye, da saƙo na baki: in jefa inda mijina ya jefa, ita ta san hanya, za ta zo kafin ruwan farko. Na sa majanyin a hanci. Hayaƙin ɗakinta ne. Da la'asar ɗin nan ina ɓarar gyaɗa na ji ƙirjina ya yi nauyi wani iri dabam, na duba, gaban rigata ya jiƙe.

Washegari ungozoma ta zo da ƙoƙonta. Nonon ya rufe gindin ƙoƙon. Tururuwa ta yi iyo ta kama gefe ta fita. Tsohuwa ta ce saiwarta ba ta taɓa ba ta kunya ba. Inna ta ce haka ne, ta ba ta goro. Ni har yau ban san abin da tururuwa ta sani ba. Na san dai kwana huɗu na yi ina cin abinci, kuma yarinyar ta zauna a nonona har ta yi tafiya. Ranar ƙuri'a na jefa takardata inda mijina ya jefa. Uwata ta zo kafin ruwan farko, ta dutsen, da kwando a kai.

Dutsen ƙirjin bai rabu da ni ba. Ya dawo lokacin yaƙin basasa, da ƙanen mijina ya shiga soja, har a asibiti suka ce jinina ya hau. Amma zuwa lokacin na gane shi. In ya zo, nakan ɗauki tire in nemi mai ɓarar gyaɗa, in faɗi abin da ke raina ko da za a yi mini dariya.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In akwai mai jego a gidanku, akushinta yana dawowa a wanke amma tana ramewa, kada ku tsaya a gwajin nono. Ku zauna ku ci tare da ita a kwano ɗaya, ku tambaye ta abin da ke damunta, ita kanta, kuma ku jira har ta amsa.