Fim ɗin da Umma ba ta ga ƙarshensa ba

Shekarun baya mahaifiyata ta saka ni wani aiki da har yau in na tuna sai na ji wuyana ya yi tsami. Neman fim ɗin Indiya ta sa ni. Ni magidanci, ma'aikacin ƙaramar hukuma, mai furfura a gemu, na zagaye Kazaure da Roni da Babura a kan babur ina cigiyar fim ɗin soyayyar 'yan sakandare.

Asalin abin, yayarta da muke kira Inna ce ta kwanta rashin lafiya a Gwiwa, ita kuma ta tafi jinya. Ciwo ya ja, zama ya yi tsawo. Don rage musu kaɗaici, surukar gidan takan kunna musu fim ɗin fassara a wayarta, su kalla kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda caji ya bari. Suna tsakiyar wani fim Allah ya karɓi ran Inna. Wayar kuma ta ɓace a hidimar zaman makoki.

Bayan an yi arba'in, wata safiya na shiga gaishe ta, sai ta ce, "Akwai wani fim da muka fara ban ga ƙarshensa ba. Ka samo min."

Na ce, "To Umma, mene ne sunansa?"

"Ina na sani? Na Indiya ne."

"Su waye a ciki?"

"Yaro da yarinya. 'Yan makaranta. Yana da keke, uban yarinyar kuma ba ya dariya. Kullum ruwa ake yi a garinsu."

Na ce a raina, yau ga ranar wahala. Amma da na je wurin mai tura fina-finai a bakin kasuwa, ban ma gama bayani ba ya ce, "Haba Alhaji, ai shi ake yayi!" Nan take ya tura min. Na dawo gida ina hura hanci.

Na kunna mata. Ta gyara gilashi, ta ƙura wa wayar ido kaɗan, sai ta miƙo min.

"Ba shi ba ne."

"Umma, ga yaron, ga keken."

"Na gani. Yanzu malami zai kama shi yana leƙen ajinsu, ya sa shi kamun kunne."

Wallahi ba ta rufe baki ba malami ya kama yaro. Na ce, "Umma, in ba shi ba ne, ta yaya kuka san abin da zai faru?"

"Labarin ne, amma ba yaran ba ne. Wannan yarinyar fara ce sol, ta sha hoda. Tawa wankan tarwaɗa ce, mai wushirya, ko jan baki ba ta sawa. Kuma nawa ba sa wannan tsalle-tsallen. Su waye waɗannan da suka fito daga bayan bishiya suna rawa? A ina suka san su?"

Na lallaɓa ta ta ƙarasa wannan ɗin, tunda labari ɗaya ne. Ta ce ina ruwanta da 'ya'yan da ba ta sani ba. Na koma ɗaki na ce wa matata ina jin tsufa ya fara taɓa Umma. Ta ce in na isa in je in faɗa mata da bakina.

Daga nan gaisuwar safe ta canza. "Ina kwana Umma?" "Lafiya lau. An samo?" Ƙanwata da ke aure a Achilafiya ta bugo waya: "Yaya, wai fim ɗaya ne ya gagare ka?" Na ce ta zo ta nema. Ta ce ita ba ta da babur.

Na je Roni wurin wani da aka ce babu fim ɗin da ba shi da shi. Ya rantse ya gane, ya tura min. Na dawo, ashe wannan dai na mai hodar ne, suna kawai aka canza masa. Aka ce akwai wani a Babura da yake samo nasa daga wajen 'yan Nijar. Na bari sai ranar kasuwa na tafi, ya tura min nasa. Hadari ya tare ni a hanyar dawowa, na jiƙe sharkaf, babur ya mutu, na tura shi har bakin kwalta. Na iso gida ina rawar ɗari na kunna. Mai hodar ce dai ta sake fitowa tana min murmushi, sai dai muryar mai fassarar ta bambanta.

Umma ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Sannu. Amma ba shi ba ne."

Ranar na goge fim ɗin daga wayata da ƙarfin da har yatsana ya yi zafi.

Wani abokina ne ya warware min, wanda muka yi makaranta tare, shi kuma tun muna yara mayen fim ɗin Indiya ne. Ina ba shi labari ina huci, shi yana ta dariya har da riƙe ciki.

"Umma ce ke da gaskiya," in ji shi. "Fim biyu ne. Indiya ba yare ɗaya ba ce. Masu yaren Malayalam suka fara yin sa, da ya karɓu sai masu yaren Tamil suka sake shi da nasu 'yan wasan, suka ƙara waƙa da rawa. Na Tamil ɗin ne ya cika kasuwa. Kai kana ta yawo a babur, da ka tambaye ni."

Na ce da na san haukarsa za ta yi rana da tuni na zo.

Ya samo na asalin a intanet, amma babu fassarar Hausa, sai rubutun Turanci a ƙasa. Wata Asabar bayan la'asar ya zo da kwamfutarsa, muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Yarinyar na fitowa Umma ta dafe ƙirji.

"Ga ta nan! Ga 'yata!"

Ni aka ɗora wa fassara. Ina karantawa ina mayarwa Hausa, ita kuma tana gyara min. "Ba haka ya ce ba." "Umma, kuna jin yaren ne?" "Ba na ji, amma wancan mai fassarar ya fi ka. Kai kamar kana karanta sanarwar rigakafi."

Haka muka lallaɓa har ƙarshe. Aka canza wa uban yarinyar wurin aiki, suka bar garin. Bayan shekaru yaron da yarinyar suka haɗu a tashar jirgin ƙasa, tana riƙe da hannun ɗanta. Suka gaisa, ta tambaye shi mahaifiyarsa, jirgi ya zo, kowa ya kama gabansa. Shi ke nan.

Na buɗe baki zan ce duk wahalar nan a kan wannan, sai na ga Umma ta cire gilashi tana goge ido da bakin mayafi.

"Yaya ta faɗa," ta ce a hankali. "Ta ce ba za su yi aure ba, wanda ya tsara labarin nan ya san duniya. Ni na ce za su yi. Musun da muka yi ke nan ranar ƙarshe da ta iya tashi zaune."

Haushin da na tara ya zube, na ji kunya ta kama ni. Muka yi wa Inna addu'a.

Sai Umma ta mayar da gilashi ta dubi abokina. "Ɗan nan, shi wancan na mai hodar, yaya ya ƙare?"

"Ai a can an canza, Umma. An yi aure, har da biki."

"An yi aure?" Ta juyo kaina. "To me kake jira? Sa min shi mana!"

Na ce na goge. Ta ce dama ni ban iya ajiya ba tun ina yaro. Washegari na koma bakin kasuwa.

Abin da na koya shi ne, in tsoho ya nace a kan ƙaramin abu, akwai babba a ƙarƙashinsa da bai faɗa ba. Ni ina neman fim, ita tana neman ƙarasa hira da 'yar'uwarta. Wannan na fahimta, kuma na gode Allah da ban yi zuciya na bari ba.

Amma haushi bai gama sakina ba. Har yau in baƙi suka zo takan ba su labari cewa musun nan kunnen doki aka yi, Yaya ta ci a yaren "Malam Yalam", ita ta ci a ɗayan. In aka tambaye ta wa ya samo mata fim ɗin, sai ta ce, "Wani yaron kirki ne, abokin wannan."