Wanda Ba Ka Son Yin Aiki Da Shi

Sai da na fara koyarwa na san cewa mujallun bincike ma akwai manya akwai ƙanana. Lokacin da nake ɗalibi, duk abin da na gani a buge da sunan marubuci da jerin manazarta, girmama shi nake yi. Wani abokin aiki ne ya zaunar da ni a ofishin sashenmu ya yi mini bayani. Ya ce ana auna mujalla da yawan yadda sauran masu bincike suke ambaton maƙalun da ke cikinta. Wadda ake yawan ambata ita ce babba, abin da ta buga shi ke yawo a duniya. Wadda ba a ambata kuwa, ko me ta buga, a inda aka buga shi yake kwana.

Wannan bayani ya shafe ni kai tsaye. Kwalejin da nake koyarwa ta ɗauke ni aikin wucin gadi ne, duk shekara sai an sabunta, kuma sharaɗin tabbatar da ni shi ne in fitar da maƙala a ɗaya daga cikin manyan mujallun da kwamiti ya yarda da su. Ina da mata da 'ya ɗaya. Duk ƙarshen zango ba na iya cin abinci sosai sai na ji an sabunta.

Fannina shi ne nazarin halin mutum idan yana cikin jama'a: yadda ƙungiya ke haɗa kai, yadda take ware wani, wa ake bi, wa ake gudu. Na zaɓi in yi binciken a kan wata ƙungiyar manoman rani da ke kusa da Tiga, domin kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikinta, kuma na san ba za su rufe mini ƙofa ba. Gonakinsu duk kanal ɗaya ke ba su ruwa. Suna raba ranakun ban ruwa, kuma kafin a fara shuka sukan taru su yashe kanal ɗin tare. Akwai 'yan asalin wurin, akwai Fulanin da suka daɗe da zama suna noma suna kiwo, akwai baƙin da suka zo suka zama 'yan gida.

Hanyar binciken daga manyan mujallun na ɗauko ta, kamar yadda kowa ke yi. Za ka kira mutum shi kaɗai, ka yi masa tambaya biyu: a cikin ƙungiyar nan, wa ka fi son yin aiki da shi, wa kuma ba ka son yin aiki da shi. Daga amsoshin sai ka zana yadda ƙungiyar take. Tambaya ta biyun ta dame ni tun kafin in fita. Na je wurin malamin da ya duba mini aikin digiri na biyu, wanda har yanzu ba na yin komai sai da shawararsa, na ce ina ganin wataƙila a wajenmu tambayar za ta yi nauyi. Ya ce kada in taɓa ta. Idan na sauya, ba za a iya gwada sakamakona da na sauran ƙasashe ba, kuma babu babbar mujallar da za ta kalle shi. Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa.

A Yako nake sauka wurin mahaifiyata, da safe in hau babur zuwa gonakin. Na samu gindin wani mangwaro nesa kaɗan da jama'a, na shimfiɗa tabarma. Tambayar farko ba ta ba ni wahala ba, ko da yake kusan kowa sai ya fara da cewa duk nasa ne, sai na matsa kafin ya ambaci wani. Da na zo ta biyu, mutumin farko ya dube ni. Sai ya fashe da dariya, ya ambaci ɗan gwaggonsa. Ya ce rago ne, ba ya zuwa wurin yasa sai ya hango an kawo abinci.

Na rubuta. Amma tun a nan na san abin da ya faru. Ɗan gwaggo ai taubashi ne, abokin wasa. Shi ne mutumin da za ka kushe a bainar jama'a a yi dariya a watse.

Haka aka yi ta yi. Wani dattijo Bafulatani, wanda kowa ke kira Baffa, bai ma bari na ƙarasa tambayar ba, ya ambaci wani Babarbare da ke noman albasa kusa da shi. Shi ma Babarbaren Baffa ya ambata. Kawu kansa, da na zaunar da shi ina jin nauyi, ya ambaci wani Bazazzagi da ya zo daga can gaban Tudun Wada shekaru da yawa. Ya ce in rubuta da manyan baƙaƙe cewa idan mutumin nan ya riƙe shebur, sai ka rantse jariri aka ba shi riƙo. Wanda ba shi da Babarbare ko Bazazzagi ya nemo taubashi, wani tsoho ma jikansa ya ambata.

A ƙa'ida amsoshin sirri ne. Amma Baffa yana tashi daga tabarmar ya ɗaga murya yana kiran Babarbaren.

"Kai bawana, na kai ƙararka wurin ɗan boko. Sunanka ya tafi Turai."

"Madalla, Baffa," in ji shi daga cikin albasarsa. "Ni na riga ka. Na ce masa kai da shanunka, shanun sun fi ka sanin ranar ban ruwa."

Na zauna ina murmushin dole. A hanyar komawa Yako na yi ta tunanin ko in zubar da aikin gaba ɗaya. Ban zubar ba, domin rani ya riga ya yi nisa, ba ni da wani binciken a hannu.

Da na zana amsoshin, abin da ya fito ya ba ni tsoro. A kan takarda, ƙungiya ce da ta dare: Bafulatani na gudun maƙwabcinsa manomi, ɗan gari na gudun baƙo, 'yan uwa na gudun juna, kuma kusan duk wanda ka guda shi ma yana gudunka. Da na kai wa Malam, wanda ya duba mini aikin digirin, ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce bai taɓa ganin sakamako mai tsabta haka ba. Na tuna masa da wasan taubasai da na Fulani da Barebari, wanda ya fi ni sani. Ya ce in sa hakan a sakin layi guda kusa da ƙarshe, in bar masu karatu su yi hukunci. Na sa, na cika shi da "mai yiwuwa" da "ana iya cewa", na aika wa ɗaya daga cikin manyan mujallun.

An yi watanni kafin editan ya amsa. Cikin ladabi ya rubuto. Ya ce masu dubawa sun yaba, kuma za a buga idan na yi gyara. Gyaran shi ne in cire sakin layin nan, domin ba ni da hujjar da aka auna a kansa, in kuma fito fili in ce binciken ya nuna ƙiyayyar da ke ɓoye tsakanin makiyaya da manoma ko da suna ƙungiya ɗaya. Ɗaya daga cikin masu dubawar ya ƙara da cewa sau da yawa wasa mayafi ne da ake rufe ƙiyayya da shi.

Ba zan ce maganarsa ba ta da kai ba. Wataƙila a wani wurin haka ne, wataƙila ma a wajenmu akwai ranar da ake faɗin gaskiya cikin raha. Ban auna ba, don haka ba zan rantse ba. Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Na tuna yadda ni kaina na rubuta babin bitar ayyukan da suka gabata. Na ambaci bincike a kan ƙauyukan da ban san ko da wace nahiya suke ba sai na duba, na ce "an tabbatar da cewa", saboda kawai na gani a babbar mujalla kuma wasu sun ambata kafin ni. Ban taɓa tambayar ko mutanen suna dariya lokacin da suke amsawa ba. Idan maƙalata ta fito a can, haka za a yi da ita. Wani ɗalibi a wata ƙasa zai rubuta cewa an tabbatar manoma da makiyayan kudancin Kano ba sa son aiki tare, wani ya ɗauka daga gare shi, har ta kai ga masu rubuta rahoto da masu tsara ayyuka. A shekarun nan da maganar manoma da makiyaya ta yi nauyi a ko'ina, ban san inda za ta tsaya ba. Kuma yawan ambaton nan da nake tsoro, shi ne dai abin da kwamitinmu ke so.

Malam ya ce in yi gyaran. Ya ce ban ƙirƙiri komai ba, abin da suka faɗa na rubuta, kuma idan na samu gindin zama sai in yi wani binciken in gyara. Matata dai ta tambaye ni yaushe kwamitin zai zauna.

Kafin in ba da amsa na koma Tiga, lokacin ya yi daidai da yasar kanal. Ban je da takarda ba. Na tarar da su cikin laka har gwiwa, Kawu da Bazazzagin nan suna miƙa wa juna kwando. Da aka kawo abinci, Baffa da Babarbaren kwano ɗaya suka sa hannu, suna ci suna musu a kan wa ya fi wani girman loma. Ɗan Kawu, wanda shi ne nawa taubashin, ya hango ni ya ce a ɓoye tuwon, ga wanda bai taɓa laka ba ya zo daidai lokaci.

Da aka watse na raka Kawu gonarsa. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na tambaye shi ko da gaske akwai wanda ba a son aiki da shi. Ya ci gaba da gyara kunya bai ɗago ba.

"Akwai mana. Kai ma ai ka san shi."

Na san shi. Wani mutum ne mai gona a can sama, wanda yakan tare ruwa a ranar da ba tasa ba. Tun ina yaro nake jin ana ƙunƙuni a kansa.

Na ce, "To Kawu, ai babu wanda ya ambace shi."

"Wa zai ambace shi? Gonarsa na gaban tawa, ruwan da zan sha ta wurinsa yake biyowa. Kuma 'yarsa tana gidan ƙanin Baffa." Ya miƙe ya dafa ƙugu. "Ka tambaye mu, mun ga bai kamata ɗanmu ya koma hannu rabbana ba, muka ba ka waɗanda ba za su ji haushi ba."

A zanena, mutumin nan yana cikin 'yan kaɗan da babu wanda ya guje su. Na ma rubuta a maƙalar cewa irinsu ne ke riƙe da ƙungiyar.

Na koma na rubuta wa editan. Na yi kwanaki ina gyara wasiƙar, ina cire kalma ina mayarwa. Na ce ba zan iya cire sakin layin ba, ina ma ganin shi ne ya kamata ya zama maƙalar, domin a iya fahimtata tambayar ba ta auna abin da aka yi ta don ta auna ba, aƙalla a wannan wurin. Ban ambaci mai tare ruwa ba, wannan ba nawa ba ne in kai waje. Ya amsa da sauri a wannan karon. Ya ce batu ne mai ban sha'awa, amma ba irin wanda mujallarsu ke bugawa ba ne, ya yi mini fatan alheri. Malam bai yi faɗa ba. Ya ce dama ya san halina, sannan ya koma kan abin da yake karantawa.

Daga baya wata ƙaramar mujalla ta wata jami'a a nan gida ta buga maƙalar yadda na so. Na kai wa kwamiti. Suka duba jerin mujallunsu, ba ta ciki. Aka sabunta mini aikin wucin gadi na wata shekarar, aka ce in ƙara ƙoƙari. Har yanzu a kan haka nake. Nakan buɗe waya lokaci-lokaci in duba ko wani ya ambace ta, ko da yake na san abin da zan gani. Wani lokacin ina jin na yi daidai. Wani lokacin, musamman idan ƙarshen zango ya matso, sai in ce da na bi maganar Malam, wataƙila da yanzu na samu damar gyarawa da kaina, kuma da muryar da za a ji. Ban san wanne ne gaskiya ba.

A ranin da ya wuce na je gaida Kawu. Taubashina yana ɗora kwandunan tumatir a kan babur, ya tambaye ni ko sunayensu sun isa Turai. Na ce ba su isa ba, a Kano suka tsaya. Ya ce dama ya faɗa, ai duk wanda ya aike ni sai ya bi sawu. Sannan ya ce in riƙe masa babur ɗin ya ɗaure igiya, tunda dai har yanzu ba ni da aikin kirki. Na riƙe.