Haladu Tsakanin Maƙera Biyu

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Haladu makwancinsa a maƙabartar ƙauyenmu, kusa da Ɗanzomo, da rabin fuska. Na faɗi wannan tun daga farko don kada mai karatu ya ɗauka irin waiwayen nan ne na dattijon da ya cika a kan gadonsa, jikoki na kewaye da shi. Haladu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Tare muka tashi, wanzami ɗaya ya yi mana kaciya, kuma ina kwance a ƙarƙashin amalanke ina kallonsa lokacin da bindigarsa ta kashe shi. Ɓarayi yake harbi a lokacin, amma ba ɓarawo ne ya taɓa shi ba.

Manomi ne da damina, maharbi da rani. Gajere ne mai faɗin ƙirji, har nakan tsokane shi in ce shi da bindigar ban san wanda ya fi wani tsawo ba, shi kuma ya ce in bari ya kai ni kara ya musanya ni da akuya, don ta fi ni amfani. In ya dawo daga daji, gidajen tsofaffi yake fara bi da nama kafin nasa. Aibinsa ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: ba ya ɗaukar raini. Shanunka su cinye masa gero, sai ya yafe. Ka yi masa kallon banza a gaban mutane, ka gama da shi har abada.

Bindigar gadon mahaifinsa ce, Malam Audu, da takardarta ta hukuma. Ba adaka ba ce irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Tsohuwar bindigar Turawa ce da ake sa wa harsashi ta baya, sannan a tura wani ƙarfe mai hannu, a murɗa shi ya kulle. Maharbanmu sakata suke ce wa ƙarfen nan. Duk ƙarfin harbi a kanta yake sauka, idon mai harbi kuma yana daidai bayanta. In ta riƙe, harsashi ya yi gaba. In ta saki, ita ce za ta yo baya.

A shekarar ne ɓarayin shanu suka addabi hanyar dajin da masu kora ke bi daga ƙasar Sule Tankarkar zuwa karar Maigatari. Da rana tsaka suke fitowa. Sun sare wani Bafulatani a wuya a gaban 'ya'yansa. Sun ɗaure wani dillali a jikin aduwa suka yanke masa agara, don kawai ya gane fuskar ɗaya daga cikinsu. Sai ƙauyukanmu suka yanke shawarar a riƙa tafiya ayari guda duk ranar kasuwa, Haladu da bindigarsa a tsakiya. Ana cikin haka sakatar ta fara girgiɗi, in ya kulle ta ya jijjiga sai ka ji tana ƙas-ƙas.

Masu taɓa irin wannan bindiga biyu ne a yankinmu. Na farko Baba Tanko, wani tsohon maƙeri a wani lungu cikin Gumel. Aikinsa kam ba a magana, bindigar da ta bi ta hannunsa takan binne mai ita ta koma hannun ɗansa. Kuma ba ya miƙa maka ita sai ya kai ta bayan gari ya ɗaure ta a kututture, ya ƙulla igiya a kunama, ya laɓe bayan wani kango ya ja, ya sake ɗurawa ya ja, sannan ya zare sakatar ya duba ta a hasken rana. Amma halinsa ba na zaman duniya ba ne. Babu tabarma a maƙerarsa, babu inuwa sai wadda yake ciki. Sallama kaɗai yake amsawa, ita ma ciki-ciki.

Ni na raka Haladu wurinsa. Mun tarar da wasu maharba daga Gagarawa suna tsaye a rana suna jiran nasu. Haladu, da furfurarsa a gemu, ya durƙusa ya gaishe shi. Sai da tsohon ya gama abin da yake gogewa da magagari sannan ya miƙo hannu. Ya zare sakatar, ya shafa babban yatsa a kan haƙorin da ke kulle ta, ya yi tsaki. Ya ce haƙorin ya cinye, a dawo bayan kaka. Haladu ya kwantar da murya ya ce, Baba, a taimaka, ayari na jiransa ranar Alhamis, rayukan mutane ne.

"Audu ya riƙe ta shekara da shekaru ko tari ba ta yi ba," in ji Baba Tanko, bai ko ɗaga kai ba. "Kai ka mai da ita sandar korar jaki. Da mace ya bar wa, da ta fi ka kula da ita."

Mutanen Gagarawa suka tuntsure da dariya. Na ga jijiyar wuyan Haladu ta miƙe. Ya naɗe bindigarsa a zanenta, muka fita. Har muka isa tasha ina lallashinsa a kan ya haɗiye, zagin tsoho ne, ya bar masa ita. Ya ce ko Baba Tanko ne maƙerin da ya rage a doron ƙasa, ya gwammace ya tari ɓarayi da gora.

Washegari muka nufi na biyun, Malam Sabo, a bayan kasuwar Maigatari. Shi walda ya koyo a wani gareji a Damagaram, yana gyaran garma da amalanke, yana kuma taɓa bindigogin maharba. Tun daga nesa ya taso ya karɓi bindigar da hannu biyu, yana ranka ya daɗe Sarkin Baka, alhali Haladu ko unguwa bai taɓa sarauta ba. Aka shimfiɗa mana tabarma a rumfa, aka kawo fura, aka kawo balangu, aka ɗora shayi. Ya yabi bindigar, ya yabi Malam Audu wanda bai taɓa gani ba. Ya ce ai ƙaramin aiki ne, ya ɗiga walda a kan haƙorin, ya bi da magagari. Kafin la'asar an gama, har ya shafe ƙotar da mai tana sheƙi, ya ce wannan kado ne, yadda mutanen tsallaken iyaka ke ce wa kyauta. Ba zan zalunce shi ba, sakatar ta kulle tsam, babu sauran girgiɗi.

Saura gwaji, kuma dukanmu mun san da shi. Malam Sabo da kansa ya ce, a fatar baki, in Sarkin Baka na so sai a fita bayan gari a buga. A nan ne aka yi kuskuren. Haladu ya ci abincin mutumin nan, ya sha shayinsa, an ɗaga shi sama a gaban jama'a. In ya ce to a gwada, daidai yake da ya ce ban yarda da hannunka ba, a cikin rumfarka. Mutumin da aka ci wa fuska jiya ba zai ci wa wanda ya karrama shi yau ba. Sai ya ce, "Haba, Malam Sabo, aikinka ai ba ya son shaida." A hanya na ce mu ɗaure ta a itace da kanmu. Ya ce harsasan 'yan kaɗan ne, kowanne da ɓarawonsa, kuma gwada aikin mutum a bayan idonsa ya fi muni a kan a gabansa.

Halin nan bai bar mu ba har gobe. Ina fataucin riɗi, kullum ina hanya, kuma nakan ga direba ya karɓi mota daga hannun bakanike bayan gyaran birki, ya loda mutane ya hau kwalta bai taka ya ji ba, don kawai an kira shi Alhaji an kawo masa ruwan sanyi. Kunya muke ce mata, muna kuma alfahari da ita.

Ranar Alhamis da hantsi muka shiga wata kwana inda hanya ta matse tsakanin tudun yashi da sabara. Suka ɓullo fuskokinsu naɗe da rawani, wasu da takubba, wasu da bindiga. Idi, mai korar da ke kan gaba, ya ɗaga sandarsa ya kare kai, takobi ya raba hannun da jikinsa daga wuyan hannu. Na ga hannun a ƙasa yana riƙe da sandar. Shanu suka firgita suka bi ta kan wani dattijo, ina jin haƙarƙarinsa na karyewa. Na faɗa ƙarƙashin amalankena. Haladu ya durƙusa a gindin wani gawo, ya auna wanda ya sare Idi, wanda ya riga ya ɗaga takobin zai sauke masa a wuya. Harbin ya sami ɓarawon a ƙirji ya watsar da shi rigingine.

Haladu ya ja sakata, kwanso ya fita, ya tura ya kulle, ya kwantar da kunci a kan ƙota. Ƙarar ta biyu ba ta bindiga ba ce, kamar an fasa tukunyar ƙarfe. Hayaƙi ya tashi ta baya. Sakatar ta fizge ta shige ƙasan idonsa na dama, ta tafi da kunci da muƙamuƙi da kunne. Ya ɗan jima a durƙushe kamar mai tahiya, sannan ya kife ta gefe.

Ɓarayin suka ja gawar nasu, suka kora abin da suka iya korawa. Na rarrafa wurinsa. Haƙoransa na warwatse a yashi, jini na kumfa duk numfashin da ya ja, idon da ya rage yana kallona. Na cusa rigata a ramin, ta jiƙe nan take. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunnen da ya saura, ya ɗaga yatsa. Wata a-kori-kura ta ɗauke mu zuwa Gumel, amma kafin mu hango gidajen farko rai ya yi halinsa, kansa na kan cinyata. Masu wanka ne suka zaro guntun haƙorin sakatar daga ƙashin ƙeyarsa. Daidai kan waldar ya ɓalle.

Ba a gama rufe kabari ba samarinmu suka hau babura sai Maigatari. Suka jawo Sabo daga rumfa, suka ɗora hannuwansa a kan uwar maƙera suka farfasa yatsun da gudumarsa, suka cinna wa rumfar wuta. Har an rataya masa taya a wuya dattawan kasuwa da 'yan sanda suka ƙwace shi. Ban goyi bayan wannan ba, kuma na san da Haladu na da rai da bulala zai bi su. Sabo ba mugu ba ne. Bai san ƙarfen ba ne, bakinsa kuma ya fi hannunsa gwaninta. Yana nan da rai, goro yake sayarwa da yatsu a nannaɗe, in ya gan ni har yanzu sai ya yunƙura zai tashi.

Nakan tambayi kaina me Haladu zai ce da ya ga yau. Bindigar da a zamaninsa ake naɗewa a zane a rataye nesa da yara, yanzu tana kafaɗar samarin da ko zabo ba su taɓa harbowa ba, da sunan sintiri. Masu gyara kuma ta waya ake samunsu, su turo maka hoton aiki yana ƙyalli, da gaisuwa mai daɗi. Ina jin tsaki zai yi, ya tambaya wa ya buga ta kafin a miƙa wa yaron nan. Ni ma in aka tambaye ni wanda za a zaɓa tsakanin gwani mai baƙin hali da mai fara'ar da bai ƙware ba, ba na dogon tunani. A je wurin gwanin, a tsaya a rana, a sha zagin. Haka nake faɗa a fili shekara da shekaru, haka ƙauyenmu ya ɗauka: Baba Tanko ya faɗi gaskiya, zuciya ta hana Haladu ji.

Amma akwai abin da na riƙe a cikina. Ranar sadakar uku sai ga Baba Tanko, mutumin da ba ya zuwa sha'anin kowa. Ya zauna can gefe. Da aka watse ya yafuto ni bayan danga, ya ce in kawo masa sakatar, wadda na tsinto a yashi ranar. Ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Ba sai bayan kaka ba," ya ce. "Ina da irinta a ajiye, ta wata bindigar da bututunta ya tsage. Da kafin Alhamis ɗin na haɗa masa. So na yi ya dawo ya sake roƙona."

Ya danƙa mini ita a tafin hannu ya juya ya tafi. Ban taɓa gaya wa Hajara, matar Haladu, ba, don har ta koma ga Mahaliccinta a daminar da ta wuce tana sa wa tsohon nan albarka, wai shi ne ya gargaɗi mijinta. Ban ga amfanin ƙwace mata wannan ba. Yanzu ita ta tafi, shi ma ya tafi, shi ya sa na buɗe baki.

Me ya rage na Haladu? Bindigar dai hukuma ta ɗauke ta. Gonarsa 'ya'yansa na nomawa. Idi yana nan da wuyansa a jikinsa, ya aurar da 'ya'ya, in ya hango ni sai ya ɗaga dungun hannun ya gaishe ni, kuma ɗansa na ƙarshe sunan Haladu ya ci. Ni kuwa na rasa mai zagina in yi dariya, kuma ina kewarsa fiye da yadda dattijo ya kamata ya faɗa a jarida. Bai nemi wani abu mai yawa ba a wurin maƙeran nan, so yake a gyara masa ƙarfe a kuma ɗauke shi mutum, sai aka ce ya zaɓi ɗaya.

Kowace safiya nakan roƙa masa gafara. Sabo ma nakan sa shi, Allah ya sassauta masa. Sunan Baba Tanko ne har yau in na zo kansa sai bakina ya yi nauyi, in shafa in tashi.