Farar da Ta Kwanta a Gonakin Wanke

Cikin duk ranakun aikina, ban taɓa mantawa da safiyar da aka tura ni duba gawar fara na tarar babu gawa ba. Ina ba ku labarin ne, ku sababbin ma'aikata, don na ga yadda kuke ɗokin goya tankin feshi kamar masu shirin biki.

Lokacin ina ƙaramar malamar gona a Gusau. Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai yana shirin ƙosawa, sai fara ta sauka a gonakin wani ƙauye kusa da Wanke. Tsarinmu kuwa shi ne: a je a ga irin ƙwaron, a sanar da mutanen gari, a yi feshi da yamma, washegari kuma a tura wani ya duba ko magani ya ci. Maza suka yi nasu. Shugaban sashenmu, Alhaji Sani, ya ce da ni, "Malama Rabi, saura naki. Ki je ki gano mana gawa, tunda ke ba kya ƙyamar ƙwaro."

Gaskiyarsa. Ni tun ina yarinya nake shan faɗa a kan tsugunawa ina kallon tururuwa.

Na isa da hantsi. Mai gonar farko, Malam Garba, ya shiga gaba ina biye. Bayan feshi irin wannan, ya kamata a ga fara zube tsakanin kunyoyi har mutum ya rasa inda zai taka. Na duba, ƙasa fes. Da farko na zaci maganin ne bai ci ba. Sai na tsuguna na ɗaga busasshen ganye, na tarar da guda biyu a rigingine, ƙafafunsu na karkarwa, wani ruwa mai duhu na fita daga bakinsu. Magani dai ya ci. Kuma ga sawun silifas ko'ina a kan raɓa.

Na ce, "Malam, ina sauran?"

Ya ce, "Ai mata sun tsince tun da asuba. Kowacce da buhunta."

Na ce, "Ba a faɗa musu an yi feshi ba?"

"An dai yi sanarwa masallaci bayan la'asar. Munka ji, munka ɗaure awaki."

Kun ji inda matsalar take. Maza sun ji, sun kuma yi abin da aka ce, sun hana dabbobi shiga gona. Amma kamun fara ba harkar maza ba ce, babu wanda ya tuna ya kai zancen cikin gida.

Malam Garba ya nuna mini gidan Inna Kulu, tsohuwar da ta fi kowa suyar fara a garin, ya tsaya a zaure ni na shiga da sallama. Ƙamshi ne ya fara tarye ni. Ta riga ta fige fukafukai, ta tafasa, ta shanya wata a tabarma, kashin farko kuma ya sauka daga kasko, ja-wur da yaji. Jira kawai take jikokinta su taso daga makarantar allo su ci, a kai sauran bakin kasuwa.

Na gaishe ta, na yi mata bayani. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗiyata, tun ba a haihe ki ba nike suyar hwara. Sanyin raɓa shi ka kashe mata jiki, shi ya sa muke sammako. Yau dai Allah ya ba mu da yawa. Kuma ai ta sha wuta."

Na ce, "Inna, wuta ba ta kashe wannan maganin."

Ta juya mini baya ta ci gaba da juya kasko. Ban ga laifinta ba. Baƙuwa ce ta shigo da takalmin ofis tana cewa a zubar da abin da aka duƙa tun duhu ana tsinta.

Na hango buhun da ba ta taɓa ba tukuna. Na zura hannu na ɗebo kaɗan na zuba a ƙasa, inda rana ta riga ta yi zafi. Na ce, "Inna, ke kika fi ni sanin fara. Wadda raɓa ta kama, idan rana ta taɓa ta, me take yi?"

Ta ce, "Tashi takan yi."

Muka tsaya muna kallo. Babu wadda ta yi tsalle. Suna kwance a bayansu suna ta shure-shure a banza, kamar mai farfaɗiya. Inna Kulu ta sauke kasko ta matso. Ta daɗe tana duba su, sannan ta juya tafin hannunta ta duba. Duk mai kamun fara ya san ƙayar ƙafarta, ba ta barin hannu lafiya.

A hankali ta ce, "Ko ƙwarzane guda babu. Ni ma na yi mamaki, sai nic ce sa'a ce."

Daga nan ban sake roƙo ba. Ita ta yafa mayafi ta shiga gaba, gida-gida, tana kiran mata da sunayensu. Abin da ni zan yini ina bayani, ita da tsawa ɗaya take gamawa. Allah ya taimake mu babu wadda ta kai ga sayarwa. Malam Garba da maƙwabtansa suka haƙa rami mai zurfi a bayan gari, don kada kaji su tone, aka juye ɗanya da soyayyiya duka. Wallahi ni kaina na ji zafin ganin wannan wahala tana shiga ƙasa.

Da na koma na faɗa wa Alhaji Sani. Tun daga lokacin ba ma feshi a gari sai mace ta shiga gidaje ta yi sanarwa da bakinta. Abin da na koya ke nan: sanin sunan ƙwaro da maganinsa rabin aikin ne, sai ka san wa ke cinsa, wa ke kama shi, da ƙarfe nawa yake fita.

Amma abin da ya fi tsaya mini ya faru ne a bakin ramin nan. Za a fara mayar da ƙasa, sai Inna Kulu ta ce a dakata. Ta kwance gefen zanenta, ga wani ɗan ƙullin leda, soyayyun nan manya masu ƙwai, zaɓaɓɓu.

Ta ce, "Ta autar jikokina ce, Nana. Tun shekaranjiya take roƙona. Har wagga, Malama?"

Na ce, "Har ita, Inna."

Ta jefa da hannunta, ta karɓi fartanya ta tura ƙasar farko.