Na Ɗora Mata Laifina a Littafi

A lokacin ina samartaka a Ƙaura Namoda, karatuna bai wuce firamare ba, amma ina da son rubuta labari. Akwai wata tela mai wushirya da ke ɗinki kusa da tashar jirgi, ’yar wani ma’aikacin jirgin ƙasa ce daga kudu. Mun so juna har na yi mata alkawarin aure, sai na ji tsoron bakin mutane, na tsere Shinkafi da sunan kasuwanci, ko sallama ban yi mata ba.

A can na rubuta labarinmu yadda ya faru, na nuna saurayin matsoraci ne. Da na dawo na kai mata takardun, don bakina ya kasa neman gafara. Ta karanta, ta haɗa su da zarenta ta ɗinke, ta ce tunda na faɗi gaskiya ta yafe.

Da zan kai wa mai buga littafi, abokaina na majalisa suka yi ta yi mini dariya, wai wa zai sayi littafin da namiji ya gudu kamar zomo. Mai bugawar ma ya ce masu karatu sun fi son a tausaya wa saurayi. Sai na juya ƙarshen, na sa yarinyar ce ta ci amana ta bi wani direban mota. Sunanta kawai na canza, na bar wushiryar da keken ɗinkin da tashar. Littafin ya kai har Zurmi, kuma duk Ƙaura an gane ta. Mata suka daina kai mata ɗinki, wanda ke neman ta ya janye, daga baya suka bar garin.

Sai da furfura ta cika mini kai muka haɗu a kasuwar Shinkafi. Na roƙe ta gafara. Ta ce gudun da na yi ta daɗe da yafewa, amma ƙaryar ba ita kaɗai ta ji ba, in je in gaya wa duk wanda ya karanta. Shi ya sa na rubuto muku.

Ku masu rubutu, ku ji tsoron Allah. In za ku gyara labari don ya sayu, ku duba wanda gyaran zai faɗa wa. Yarinyar nan ba ta bi kowa ba, ni ne na gudu.