Direban Mista Okabe

Musbahu mutumin Kura ne, manomin tumatir gaba da baya. Shekarar da tumatir ya yi kwantai har ana zubar da kwanduna a bakin titin Zariya, ya sayar da injin ban-ruwansa ya yi biza. Ya sha wuya a Dubai kafin Allah ya haɗa shi da aikin tuƙa wani dattijo ɗan Japan, Mista Okabe, ma'aikacin wani tsohon banki na ƙasarsu.

Okabe ba mai yawan magana ba ne, sai in cunkoson motoci ya tsare su. A irin wannan tsayuwar ce ya ba Musbahu tarihin bankin. Fiye da shekara ɗari ke nan da kafa shi, in ji shi, domin manoma da masu masana'antu. Kakansa ma da jarin bankin ya gyara fadamarsa ta shinkafa.

Maganar nan ta hana Musbahu sakat. Wata uku yana zarya zuwa shagon wani Bakano a Al Sabkha, suna tsara takardar neman jari daga bankin da Turanci: ƙaramin injin markaɗa tumatir a Kura, manoma arba'in, gwangwani dubu a rana. Har ya bugo wa matarsa Mahfuza waya, ya ce ta taya shi addu'a, alheri na tafe.

Okabe ya karanta takardar a kujerar baya, shafi bayan shafi, sannan ya cire tabarau.

"Musbahu, wancan bankin babu shi. Tun ina yaro aka haɗe shi da wani, aka sake haɗewa. Mu yanzu harkar iskar gas muke yi, da tashoshin jiragen ruwa."

"Ranka ya daɗe, to manoman fa?"

"Ban taɓa ganin manomi a ofishinmu ba."

Musbahu ya ce to, ya tayar da mota.

Da shekara ta zagayo Okabe ya yi ritaya, wanda ya gaje shi kuma ya zo da nasa direban. Musbahu ya koma ɗaurin kaya a wani sito a Al Ras, yana da shekara hamsin da biyu, ga ciwon baya. Wata Juma'a Mahfuza ta kira ta ce ƙannensa sun sayar da gonar gado, mai saye har ya fara haƙa harsashin gidan mai.

"Malam, yaushe za ka dawo?"

Ya ce bizarsa saura wata biyar, zai ga abin da hali ya yi. Mai sito ya leƙo ya ce, "Yalla, yi sauri, kwantena ta iso." Musbahu ya kashe wayar ya miƙe da ƙyar.